Koyon tuyar waina kafin azumi

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau na ɗau niyya, kuma na rubuta don kada in ja da baya: kafin azumi ya kama ina so in iya toya wainar shinkafa da hannuna. Shekararmu biyu da aure, kusan kowace Asabar da Lahadi sai mun aika an sayo mana a bakin titi. Maigida mutumin Bauchi ne. Can masa suke ce mata, kuma ba sa wasa da ita. Bai taɓa kushe wadda ake sayowa ba, amma ina lura da yadda yake ci. Sai ya gutsura, ya duba cikinta, ya yi shiru, ya ci gaba. A gidanmu kuwa ɗanwake da dambu aka fi yi. Waina sai ranar Sallah, ita ma wata tsohuwa ake kai wa shinkafa ta toya mana, shi ya sa na tashi ban taɓa riƙe tanda ba.

Akwai kuma maganar kuɗi. Da safen nan guda goma sha biyu muka saya a kan naira 1,200, miya ta 300, kuma wainar ta ƙanƙance ƙwarai. Ban ga laifin mai tuyar ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 shinkafa da mai da itace duk suka haye, dole ta rage ludayi ko ta ƙara kuɗi.

Da yamma na shiga Kasuwar Rimi. Tandar alminiyam mai gurbi bakwai 6,500, shinkafar tuwo kwano ɗaya 3,800, man gyaɗa kwalba 3,200, yis na 200. Na jiƙa gwangwani huɗu na shinkafa kafin in kwanta.

Lahadi, 5 ga Janairu

Ba ta yi ba.

Na dafa rabin gwangwani har ya yi lugub, na haɗa da jiƙaƙƙiyar, na yanka albasa ɗaya, na ba yaro ya kai inji. Da ya dawo na zuba yis na rufe, na ajiye a kicin. Awa uku ina buɗewa ina rufewa, ƙullu yana nan yadda na bar shi, ko kumfa ɗaya babu. Garin ya tashi da hazo da sanyi mai shiga ƙashi, ƙasan kicin ɗin kamar ƙanƙara, ni kuma a kan siminti na dire robar. Da azahar ta gabato na gaji da jira, na zuba sukari da gishiri na hau tuya a haka.

Ta kama tanda tun zubin farko. Duk gurbin da na sa cokali zan juya sai ta dagargaje, sama ɗanye, ƙasa baƙi. Na kankare na sake, haka dai. A ƙarshe na tattara abin da ya samu a faranti, ba siffa ba laushi. Raina ya ɓaci sosai, musamman da na ga man da ya tafi, kusan sulusin kwalba. Taliya da manja muka ci da rana.

Laraba, 8 ga Janairu

Na kira Hajiya, mahaifiyar maigida. Na daɗe ina jin nauyin tambayarta, amma da na gama gaisuwa na faɗa mata abin da ya faru, sai ta ce, "'Yata, sabuwar tanda kika ɗora wa ƙullu kai tsaye? Ai sai ta sha mai tukuna." Ta ce in wanke ta sau ɗaya, in ɗora a wuta, in zuba mai da yankakkiyar albasa a kowane gurbi har albasar ta ƙone, in goge da tsumma, in maimaita sau uku. Daga nan kada soson ƙarfe ya sake taɓa ta.

A kan ƙullu kuma ta ce da hunturu ba a dama shi da ruwan randa, sai mai ɗumi, a lulluɓe robar da bargo a ɗaga ta daga ƙasa. Na ce, "Hajiya, yis ɗin cokali nawa kuke sawa?" Ta ce ita ba ta san cokali ba. A zamaninsu ma babu yis, ragowar ƙullun jiya ake zubawa a na yau, ko ɗan nono mai tsami, a bar shi ya kwana.

Da dare na yi wa tandar yadda ta ce. Gidan duk ya gauraye da ƙaurin albasa.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙullu ya tashi! Awa huɗu cikin bargo a kan kujera, na buɗe na tarar ya kumbura yana ƙananan ƙwayaye. Tanda ma ta saki, sai gurbi biyu na gefe da har yanzu suke ɗan riƙewa.

Sabuwar matsala ita ce ruwa. Mai injin ya kwarara masa ruwa don ya wanke injinsa, ƙullun ya dawo tsararo kamar kunu. Wainar ta fito shafal, ba tudu, ta sha mai har tana ɗiga. Ana iya ci, mun kuma ci, amma wannan ba ita ake nema ba. Daga yau ni zan riƙa zuwa injin da kaina da ruwana a jarka.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ban yi tuya ba. Ɗanwake na yi da mai da yaji da dafaffen ƙwai, hannuna ya huta a kan abin da ya sani.

Juma'a, 17 ga Janairu

Wannan makon na ware shi don ɗanɗano. Na fahimci ban ma san ainihin abin da nake nema ba, don haka na ci waina a wuri uku.

Na farko gidan abinci ne mai sanyin na'ura, inda muka je da wata abokiyar aikina ranar Talata. Guda huɗu da miyar taushe da nama yanka biyu, naira 2,500. A ido ba ta da makusa: fara tas, zagaye daidai, kowace kamar 'yar'uwarta. A baki kuwa sukari ya yi yawa, kuma ana jin bekin foda a ƙarshen harshe. Ta fi kusa da kek. Babu ɗan tsamin nan da ke sa miya ta zauna a kan waina. Miyar dai ta yi daɗi, ba su yi rowar gyaɗa ba.

Na biyu mai tuyar bakin titi ce da muka saba saya a wajenta. Tata tana da ɗanɗano, amma da zafinta take ƙulle ta a leda, kafin a iso gida ta yi gumi, gefen da ya kamata ya yi ƙaras-ƙaras ya saki.

Na uku shi ya tsaya min a rai. Wata dattijuwa ce a wani lungu kusa da makarantar da nake koyarwa, tana tuya a tandar ƙasa a kan murhun itace. Na ce, "Iya, ko zan zauna in jira ta zafi?" Ta tura min kujera 'yar tsugune. Na fi minti ashirin ina kallon hannunta. Kafin kowane zubi sai ta buga ƙullun da ludayi sau biyu ko uku. Man da take ɗigawa bai kai rabin wanda nake zubawa ba. Ba ta cika gurbi, kuma ba ta taɓa waina sai gefen ya yi ja, saman ya huhhuje ya daina sheƙi. Sannan ta sa tsinken ƙarfe ta juya ta da motsi ɗaya. Wutarta ba ta ci da harshe, garwashi ne kawai take jawowa tana turawa. Da na gutsura, cikin duk ƙofofi ne kamar saƙar zuma, ga ɗan tsami, ga ƙamshin hayaƙi. Da ƙuli-ƙuli da yaji ta ba ni. Wannan ce nake nema.

A hanyar gida na tsaya na sayi gurasa bandashe ta 500 don maigida. Mutumin Bauchi ne, amma gurasar Kano ta riga ta kama shi, musamman in an jiƙa ta da kyau an barbaɗa ƙuli an yanka albasa da tumatir.

Asabar, 25 ga Janairu

Na je injin da kaina, amma na makara, na tarar da layi. Wadda ke gabana kayan miya ta kawo, tattasai da attarugu. Na roƙi mai injin ya wanke sosai, ya ɗauraye sau ɗaya ya ce ya fita. Ƙullun farko da ya zubo jaja-jaja ne. Na yi saurin janye robar, amma wani ya riga ya shiga. Wainar ta fito da launin ruwan goro, tana da yaji a maƙogwaro. Ba ta ɓaci gaba ɗaya ba, da miya an ci, sai dai ba za a iya ba yaro da sukari ba.

Abin da na ƙaru da shi: kaurin ya yi daidai karon nan, don ni na riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan. Idan na ɗaga ludayi yana zuba a haɗe, ba ya tsinkewa. Zan riƙa zuwa da sassafe kafin masu kayan miya, ko in tafi da ɗan tsaki a fara wucewa da shi. Markaɗe 300.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na bar ƙullu ya kwana don in sami tsamin nan na wainar Iya. Ya yi tsami har ya wuce, sai na jiƙa kanwa na tsiyaya don in kashe shi. Hannuna ya zarce. Nan take ƙullun ya koma ɗorawa-ɗorawa, wainar ta fito tana warin kanwa, tana ɗaci a baya. Maigida ya ci biyu ya ce, "Laushin ya zo, saura ki rage kanwar." Gaskiya ya faɗa. Sauran na ba maƙwabciya ta zuba wa kajinta.

Zuwa yau kwano ɗaya da rabi na shinkafa ya tafi, da kwalba biyu na mai.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, Bauchi

Mun zo suna tun ranar Juma'a, ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi. Gani ya kori ji. Abin da Hajiya ta yi ta faɗa min a waya ban gane ba, jiya na gan shi da idona.

Kwano biyar aka jiƙa don baƙi. Tun daren Juma'a aka markaɗa, kuma na lura ba a markaɗa shi ya yi santsi sosai ba, in ka murza a yatsa kana jin ɗan tsaki-tsaki. Dafaffiyar shinkafar ma ba a kai ta inji ba. Bayan an dawo ne Hajiya ta zuba ta, ta sa hannu ta murmushe ta cikin ƙullun. Ta ce ita ce ke ba masa laushi ta kuma hana shi bushewa in ya huce. Yis ɗan kaɗan ta sa, wanda ni a gwangwani huɗu nake zuba fiye da shi. Na tambaya, ta ce, "Yis mai yawa gaggawa ce. Zai tashi da wuri, amma za ki ji warinsa, ɗanɗanon kuma bai nuna ba."

Da asuba aka buɗe. Ba ta zuba sukari da ruwan kanwa a babbar robar ba. Sai ta ɗebi wanda za a toya yanzu a ƙaramin kwano, ta gyara shi, ta ɗanɗana a yatsa, a toya, in ya ƙare ta sake ɗiba. Nan na gane kuskurena na makon jiya. Da haka na yi, da ƙaramin kwano ɗaya kawai zan ɓata, ba duka ba. Ruwan kanwar ma wanda ya kwanta ya yi garau take tsiyayowa, ba ta girgiza shi.

Mata uku ne a kan tanda uku, duk a kan gawayi. Wajen ƙarfe takwas Hajiya ta ce wa ƙanwar maigida, "Tashi ki ba yayarki wuri." Gabana ya faɗi, don tsakar gidan cike yake da dangin miji. Zubin farko biyu suka fashe wajen juyawa. Wata goggonsu da ke gefena ta riƙe min wuyan hannu ta ce, "Kada ki ɗaga ta, ki tura gefe ɗaya, ita za ta juya kanta." Haka kuwa aka yi. Na zauna a kan tandar nan fiye da awa ɗaya, idona na hawaye don hayaƙi, kuma cikin abin da aka kai wa maza a zaure har da nawa, ba wanda ya bambance.

Masar nan ta fi ta Kano girma da kauri, kuma miyarsu ba ta da ruwa. Da za mu taho Hajiya ta ba ni tsohuwar tandarta ta ƙarfe, baƙa wuluk, mai gurbi tara. Ta ce ta fi shekara ashirin a hannunta. Na rasa abin da zan ce mata sai godiya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na sayi kurfoti 4,000 da gawayi na 700. A kan gas wutar tana taruwa a tsakiya, gurbin tsakiya ya ƙone na gefe ba su nuna ba, shi ya sa nake ta jujjuya tanda. A kan garwashi zafin ya bazu ko'ina.

Gwangwani huɗu, rabin gwangwani dafaffiya da na murmushe da hannu, yis rabin ƙaramin cokali, kwana ɗaya a rufe. Na gyara shi kashi-kashi yadda na gani. Guda 43 na samu, uku ne kawai suka fashe. Maigida ya gutsura, ya duba cikinta kamar yadda ya saba, ya ce, "Wannan masa ce." Ya ɗauki hoto ya tura wa Hajiya ta WhatsApp. Na aika wa maƙwabta gida biyu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Lissafin tuyar jiya: shinkafa wajen 1,100, mai 800, markaɗe 300, gawayi 350, sukari da albasa da yis 350. Jimla 2,900 a kan guda 43, wato kowace ba ta kai naira 70 ba, kuma ta fi ta 100 da muke saya girma. Ban sa wahalata a ciki ba, ban sa kuɗin tanda da kurfoti ba. Da na yi lissafin sai na ƙara jin tausayin masu tuyar bakin titi. Ribar da ke ciki ba ta kai yadda nake zato ba, ga tashin asuba, ga hayaƙi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau miya na sa a gaba. Na dafa ƙashi da kabewa har ta narke, na dama ta, na zuba jajjage da daddawa, sannan markaɗaɗɗiyar gyaɗa, alayyafo da ɗan yakuwa a ƙarshe. Yakuwar ta ɗan yi yawa, ta haɗu da tsamin wainar suka yi wa juna yawa. Nan gaba ko dai in rage ta ko in bar ta gaba ɗaya. Waina ta yi kyau, 41.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar gobe 1 ga Ramadan. Allah Ya sa mu dace. Na jiƙa shinkafa.

Talata, 4 ga Maris

Abu biyu ban yi tunaninsu ba. Na farko zafi. Garin ya juya, bargon da ya cece ni a Janairu yanzu shi ke ɓata min aiki. Ranar Lahadi na bar ƙullu tun dare har la'asar, na tarar ya tashi ya zube a ƙasa, ya koma ya kwanta, tsaminsa har yana hawa hanci. Ƙullun da ya tashi ya faɗi ba ya ƙara yin ƙofofi, wainar ta fito a cushe. Yanzu da hantsi nake kai markaɗe, in ajiye a inuwa ba bargo, zuwa ƙarfe huɗu ya isa.

Na biyu ɗanɗano. Hajiya da yatsa take auna gishiri da kanwa, ni kuma ina azumi. Na san malamai sun ce mai girki na iya ɗanɗanawa ta tofar, amma hankalina bai kwanta da shi ba. Don haka na koma awo: kowane kwano ƙarami, sukari babban cokali ɗaya, gishiri ɗan yatsa biyu, ruwan kanwa ƙaramin cokali ɗaya. Na rubuta a takarda na manna a bangon kicin. Yau ya fito daidai. Da kunun tsamiya muka sha ruwa, ƙosai kuma na saya na 500 don ba zan iya haɗa tuya biyu ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Kwana biyu a mako nake tuya, Litinin da Alhamis, sauran ranaku dankali da ƙwai ko abin da ya samu. Duk ranar tuya ina fitar da goma a kai masallacin layinmu.

Maƙwabciyarmu ta shigo jiya ta ce, "Amarya, ko za ki toya min ta Sallah? Ni zan kawo shinkafa da mai." Bayan ita wata ma ta aiko 'yarta da magana iri ɗaya. Na ce su ba ni kwana biyu in yi shawara. Maigida ya ce in ina so in karɓa, amma kada in ɗauki abin da zai hana ni zuwa idi.

Na koma wajen Iya na sayi ta 300, don in gwada da tawa. Har yanzu tata ta fi ƙamshi. Ina jin tandar ƙasa ce da itace. Na tambaye ta inda ake samun irin tandar, ta ce in bari bayan Sallah za ta sa a kawo min daga wajen masu ginin tukwane.

Alhamis, 27 ga Maris

Na karɓi aikin gida biyu, kwano ɗaya-ɗaya, da namu kwano ɗaya. Ban taɓa haɗa ƙullun da ya wuce gwangwani shida ba, don haka na tsara shi tun yanzu. Na yi magana da mai injin, ya yarda in zo bayan sallar isha'i a daren Sallah, ya wanke injin a gabana kafin ya zuba. Ƙullun kowane gida a robarsa daban, yis kaɗan saboda zafi, kuma zan ajiye su a waje inda iska ke bugawa. Tanda biyu za su yi aiki, ta Hajiya a kan kurfoti, ta alminiyam a kan murhun da maƙwabciya za ta ara min. Ƙanwata za ta zo ta kwana don ta kama min ɗaya, zan nuna mata juyi ranar Asabar da ɗan ƙullu kaɗan.

Abin da ya rage in saya: gawayi na 2,000, man gyaɗa kwalba ɗaya na namu, kabewa, gyaɗa, da babbar kula. Zan shimfiɗa tsumma mai tsabta a cikinta in bar murfin a ɗan buɗe, don kada ta yi gumi irin ta leda. Kuɗin aikin ban yanke ba tukuna. Zan kira Hajiya gobe bayan an sha ruwa in ji nawa ake karɓa a kan kwano a wajensu, sannan in tambayi Iya na nan Kano.